Ranar Da Muka Kai Jinkunan Falale Bakin Tafki

Da sunan wanda ya ɗaga sama ba da ginshiƙi ba, ya shimfiɗa ƙasa ba da tabarma ba, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba mutum ƙafa domin kowa ya san wurin zamansa. Ni ne Jatau ɗan Nomau, matafiyin da ya ci tuwon ƙasashe masu yawa, ya sha ruwan rijiyoyin da ya manta sunayensu. Ku gyara zama, in ba ku labarin yadda na zama shugaban yaƙin sama, ni da ko bishiyar gwanda ban taɓa yarda na hau ba.

Abin da ya fitar da ni daga gida neman ilmin yaƙi ne, amma ba kowane iri ba. Ni wanda nake so shi ne wanda mutum zai ci nasara ba tare da an taɓa lafiyar jikinsa ba. Na je ƙasar da ake yaƙi da ihu, na baro ta da kunne ɗaya a toshe. Na je ƙasar da ake yaƙi a cikin ruwa, na sha fiye da rabona. A can ne wani fatake ya ce mini akwai mutanen da ke yaƙinsu a sararin sama. Na ce a raina, yauwa, can kam babu mai iya riskar mutum da kulki. Ban tsaya tambayar yadda ake saukowa ba.

Bayan doguwar tafiya na isa gindin Dutsen Falale, wanda kansa ya shige cikin gajimare. Hanyar hawa ɗaya ce tal, wani tsani na igiya da ke lilo da mutum in iska ta kaɗa. Na hau idona a rufe, ina karanta duk abin da na haddace har da wanda ban haddace da kyau ba. Da na kai sama sai na faɗi a ƙofar gidan farko, jiri yana ɗibata.

Gidan wata tsohuwa ce, Inna Ladingo, mai jiki, mai faɗa, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin ɗaukarta. Daga ɗaki zuwa tsakar gida da rarrafe take zuwa, amma muryarta tana kai wa ƙarshen unguwa.

"Wane ne wannan ya zo mutuwa a ƙofata?" in ji ta. "Tashi, ɗan nan, ka shigo. Mu nan ba a mutuwa da yunwa."

Ta ba ni ɗaki, ta ba ni tuwo, ta zage ni a kan yadda nake cin sa. Tun rasuwar mahaifiyata ban sami wanda ya zage ni da daɗi haka ba, nan da nan na ji na sami gida.

Birnin Falale yana shimfiɗe a kan dutsen, ɗakunansa na jinka ne, kuma a gefen gabas akwai tafki guda, wanda shi kaɗai ne ruwan garin. Kowane gida yana da tsuntsunsa, wani jibgegen abu mai dogon wuya da suke kira raƙumin sama, ana ɗaura masa sirdi a hau. Waɗannan tsuntsaye ba sa sauka ƙasa da gajimare, zafin ƙasa kashe su yake yi. Mutanen Tsiri, wani dutse da ke fuskantar Falale, su ma suna da irinsu, kuma sun daɗe suna kwaɗayin Falale saboda faɗinsa. Ba su da yawan da za su ci garin da mashi, sai suka ɓullo da dabara. Su cika buhuna da toka da kanwa, su zo a dunƙule, su zazzage a tafki, su koma. Ran da ruwan ya ƙi shayuwa, dole mutanen Falale su bi tsanin igiya su bar musu dutsen.

Na tambayi Inna yadda za ta yi da tsanin in ranar ta zo.

Ta dubi gwiwoyinta, ta dube ni. "Da me zan sauka, da kunnena? Ni nan zan zauna in sha abin da ya rage."

Ba a jima ba na ga harin da idona. Da hantsi aka buga kuge, gari ya ruɗe, mahaya suka ruga suka ɗaura sirdi. Sai kuma kowa ya tsaya cak riƙe da ragama. Ashe a al'adarsu ba mai tashi kafin Sarkin Mahaya Bagudu ya tashi, shi kuwa Bagudu ba ya tashi sai ya naɗa rawani, maroƙinsa ya yi masa kirari tun daga kakan kakansa. Maroƙin yana kan kaka na tsakiya mutanen Tsiri suka iso.

Da aka gama aka tashi, sai na ga abin da ya fi wannan. Tsuntsayen Falale sun ninka na Tsiri, amma kowane mahayi ya je kan jinkar gidansa yana kewayawa. Wannan shi suke kira inuwar gida. Namijin da aka buga kuge, inuwar tsuntsunsa ba ta faɗa kan jinkarsa ba, ba ya sake buɗe baki a taro, 'ya'yansa ma sai an yi musu gori. Tafki kuwa na kowa ne, saboda haka ba wanda ya je. Mutanen Tsiri suka zazzage buhunansu a natse, har wani ya ɗaga mana hannu. Mahayan Falale suka sauko suna taya juna murna wai ko tsinke ba a taɓa a gidajensu ba.

Haushi ya kama ni, na tsaya a tsakiyar kasuwa ina zazzaga masifa. Ban rufe baki ba aka tisa ƙeyata zuwa gaban Magajiya Yelwa, mai mulkin garin, mace mai sanyin magana da kaifin ido.

"Baƙo, an ce ka ce mu wawaye ne."

"Ranki ya daɗe, ban ce duka ba."

"Kana da jinka a garin nan?"

"Ko tsinke ba ni da shi, ranki ya daɗe."

"To, kai kaɗai ne za ka iya kallon tafki ba tare da ka waiwaya ba. Daga yau kai ne mai ba da umarni a sama."

Na ce mata ni ɗalibi ne, neman ilmi na zo. Ta ce ai ga shi na samu. Bagudu yana gefe yana huci, gemunsa yana rawa, ya ce shi bai taɓa jin an ba mutumin da ke tafiya da ƙafa ragamar masu fiffike ba. Magajiya ta ce yau ya ji.

Inna ta ba ni tsuntsuwar marigayi mijinta, wata tsohuwa mai suna Ƙyuya, wadda sunanta bai zalunce ta ba. Ba ta jin linzami, ba ta jin bulala. Sai dai a ɗaura ƙuliƙuli a bakin doguwar sanda, a miƙa shi gabanta, duk inda aka karkata sandar nan za ta bi. Ranar da na fara hawanta, mutanen unguwa sun ce sun ji salatina tun daga cikin gajimare.

Na tara mahaya na yi musu bayani. Na ce abin da abokin gaba yake nema shi ake tsarewa, kuma a tsare shi a dunƙule. Na ce tsuntsu ɗaya a kan kowane gida daidai yake da babu tsuntsu ko ɗaya. Suka gyaɗa kai, suka rantse, wasu har da dafa ƙirji. Da aka sake buga kuge muka taru a kan tafki, abin gwanin sha'awa, har na fara jin kaina wani ne. Amma mutanen Tsiri ba yara ba ne. Suka ware 'yan tsuntsaye kaɗan suka nufi cikin gari. Wani ya yi ihu, "Wayyo jinkata!" Kafin in juya sandata, sama ta zama wayam, daga ni sai Ƙyuya, ita ma hankalinta yana kan ƙuliƙuli. Toka ta sauka a tafki a gaban idona.

Da yamma Inna ta kurɓi ruwan ta yamutsa fuska. Ta ce in aka ƙara zuba ko sau ɗaya ne, ko akuya ba za ta sha ba. Ta faɗe shi kamar tana maganar farashin gishiri.

Na fita tsakar gida ina zagin mutanen Falale da jinkunansu. Na ce mutane sai ka ce an ɗaure musu cibiya a jikin ciyawa.

"Kai ma ka cika surutu," in ji Inna daga ɗaki. "An haife su a kan haka, kakanninsu a kan haka suka mutu. Kai ne za ka raba su da jinka da wa'azin yini ɗaya?"

Na ɗaga kai na dubi jinkar ɗakinta. Irin tamu ce ta gida, wadda ake ɗaurawa a ƙasa, maza su taru su ɗaga su kifa a kan gini. Abin da aka ɗora da hannu kuwa ana iya sauke shi da hannu. Na yi tsalle har na buge kaina da ita.

Washegari na je gaban Magajiya da Bagudu. Na ce, "Sarkin Mahaya, ina da tambaya a kan al'ada, kai ne masaninta. Inuwar gida, a kan me aka ce ta faɗa, a kan bango ko a kan jinka?"

Ya gyara zama, ya ji daɗi an tambaye shi. "A kan jinka mana. Wa ya taɓa jin an tsare bango?"

"Ko ina jinkar take?"

"Jinkar mutum jinkarsa ce ko a bayan duniya take."

"Allah ya ƙara maka sani," na ce. Magajiya ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Haka aka wayi gari ana sauke jinkunan Falale. Maza suka shiga ƙarƙashi suka ɗauka, ba ka ganin komai sai ciyawa mai ƙafafu tana tafiya a kan hanya tana faɗa da 'yar'uwarta. Aka jera su a bakin tafki, suka kewaye shi kaf. An yi rigima a kan wa zai ajiye kusa da wa, wani ya ce shi jinkarsa ba za ta zauna kusa da ta surukinsa ba, sai da Magajiya ta sa baki. Mata da yara da hatsi aka kai su cikin wani kogon dutse da ke gefen tafkin. Gari ya rage bango tsirara.

Saura maganar kirari. Na sami Bagudu na ce masa abin kunya ne babban mutum kamarsa a riƙa yi masa kirari a gurguje saboda wasu 'yan Tsiri. Me zai hana a yi masa shi cikakke tun da sassafe, ya tashi a natse, ya yini a can ƙololuwa inda kowa zai gan shi? Ya ce wannan ita ce magana ta hankali ta farko da ya ji daga bakina. Tun daga ranar ake yi masa kirari har da kakannin da ba a tabbatar da su ba, ya tashi da ƙunshin abincinsa. Tunda shi yana sama, kowa yana da izinin tashi a duk lokacin da aka so, ga shi kuma mun sami mai hango mana nesa a kyauta.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni. An ɗauke jinkar Inna, amma Inna ta ce ita ba ta zuwa kogo.

"An ɗauke rufin, ba a ɗauke ni ba. Ƙattai nawa za su ɗaga ni, gari yana kallo? Ka bar ni da mutuncina, ɗan nan."

Na roƙa, na yi fushi, na durƙusa. Ta ce to, ta ji, gobe za ta bari a kai ta. Gobe ta yi ta ce gobe.

Mutanen Tsiri suka zo da rana ta ɗaga. Bagudu ne ya fara hango su, ya warware rawaninsa yana kaɗawa. Muka tashi gaba ɗaya, muka hau can sama, muka sa rana a bayanmu, domin na lura mai buhu a nauyaye yake tafiya, ƙasa-ƙasa, kuma ba ya iya kallon rana. Suka sake tsohuwar dabararsu, suka ware kaɗan zuwa cikin gari. Ba wanda ya motsa. Wani ma cewa ya yi, "Ku gaida bangon!"

Sannan muka faɗa musu daga sama. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, domin rabin faɗan idona a rufe yake. Na dai ji majajjawa tana kuka, fikafikai suna kaɗawa, kowane mahayi yana kiran sunan jinkarsa yana dukan na gabansa. Mutanen da ba su taɓa haɗa kai ba, ranar sai ga su kafaɗa da kafaɗa, domin wanda ya matsa kaɗan inuwarsa ta bar ciyawarsa. Bagudu ya sauko kansa ba rawani, saiƙonsa yana walƙiya, ya tarwatsa na gaba. 'Yan Tsiri suka shiga yanke buhuna suna zubarwa a gangaren dutse don su sami saurin gudu.

Da na buɗe ido sosai sai na ga biyu sun kuɓuce. Ɗaya ya sulale ta ƙasa, ya nufi tafki da buhunansa cike, kuma ba kowa kusa da shi sai ni. Ɗayan, cikin waɗanda aka tura gari, ya rasa abin yi da kayansa, ya hangi abu guda mai motsi a cikin kangon garin, ya nufe shi. Jan zane ne a tsakar gida. Inna ce zaune tana tsince wake.

Jama'a, na yi wa mutanen Falale dariya, na kira su sunaye a kasuwa. A wannan lokacin hannuna da kansa ya karkata sandar zuwa gari. Ban san ina da jinka a Falale ba sai ranar. Ƙyuya ta juya, ta san hanyar gida, har ta ƙara sauri. Na dubi jan zanen, na dubi tafkin. In na je gare ta, ruwan ya tafi, ita kuma ba ta da ƙafar sauka. Na ja sandar da hannu biyu na mayar da ita gabas, ina kuka kamar yaron da aka yaye.

Ba ni da mashi, ban iya majajjawa ba. Da muka matso, sai na cire ragowar ƙuliƙulin daga aljihuna gaba ɗaya na watsa a bayan mahayin nan. Ƙyuya, wadda tun da na san ta ba ta taɓa gaggawa ba, ta faɗa masa da dukan nauyinta tana sara. Mutumin ya yi ihu, tsuntsunsa ya karkace, buhunan suka suɓuce suka faɗa bayan dutse. Ko ƙwayar toka ba ta taɓa ruwan ba.

Da na waiwaya, farin hayaƙi ya turnuƙe unguwarmu.

Ban tsaya jin guɗa ba. Na fizgi tulu a bakin tafki, na cika shi, na ruga da ƙafa, domin ƙafata ta fi Ƙyuya sauri. Na tarar da bango ɗaya ya zube, tsakar gida ta cika da toka har gwiwa. Na shiga tona da hannu ina kiran sunanta. Sai wani tudu ya motsa, ya yi atishawa.

"Wane ɗan banza ne yake taka mini wake?"

Na zube a gabanta. Ta yi fari fat tun daga kai har ƙafa, idanunta a rufe, hawaye yana tsaga tokar. Na shiga wanke mata fuska da ruwan tulun. Idon dama ya buɗe, ja wur. Na hagu kanwa ta riga ta cinye shi, bai sake ganin komai ba har ƙarshen ranta.

"Inna, na gan shi ya nufo ki," na ce. "Na gan shi sarai. Na juya na tafi tafki."

Ta kafa mini ido ɗayan.

"Da ka zo nan," in ji ta, "da na fasa maka kai da muciya. Wannan ruwan da kake ta ɓarnatarwa a fuskata, na ina ne?"

"Na tafki ne, Inna. Yanzu na ɗebo."

"Miƙo."

Na kafa mata tulun a baki. Ta kurɓa, ta juya shi a bakinta, ta haɗiye. Ta sake kurɓa, wannan karon mai yawa, har yana zuba a wuyanta.

"Zai shayu," ta ce. Ta goge baki da bayan hannu. "To, zaman me kake yi? Tashi ka tara ƙattai ku dawo mini da jinkata, rana tana dukana."

Nan na tsaya, nan labarin ya tsaya. Allah ya ba mai saurare lafiya, ya bar mai ba da labari a ƙasa.